Cube Escape: A Leƙa Amsa Ko A Daure?

Wasan Cube Escape ya raba 'yan ɗakinmu gida biyu. Kamfanin Rusty Lake na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 2015. Ga yadda yake: an kulle ka a ɗaki, kana latsa durowa, agogo ko hoton bango, kana tara makullai da lambobi har ka samu mafita.

Masu yabonsa sun ce yana wasa ƙwaƙwalwa. Masu kushe kuwa sun ce in ka maƙale, sai dai YouTube. Ni kam sau ɗaya na leƙa amsa. Na fita, amma wallahi daɗin ya tafi. 'Yan ajin ƙarshe, mu kula, haka kwafar furojet take: ka gama, ba ka san ta yaya ba.