Tashin Manhaja da Amsa Sigina a Tsarin Unix

Tsarin Unix ya samo asali ne a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. A wannan tsari, da rubutaccen umarni ake tayar da manhaja. Manhajar kirki takan fara karanta bayanan da ke tare da umarnin, ta tanadi yadda za ta amsa sigina, sannan ta buɗe fayil.

Sigina wani gajeren saƙo ne da tsarin yake aika wa manhaja tana tsakiyar aiki. Danna Ctrl da C yana aika SIGINT, mai lamba 2. SIGTERM, mai lamba 15, buƙata ce ta a tsaya. Amma SIGKILL, mai lamba 9, ba ya taruwa.

Ga misali: ɗalibi yana gyara ƙa'idojin rubutu a fayil ɗin waƙoƙin Alhaji Umaru, malamin da ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892. Idan manhajar tana rubutu a kan ainihin fayil ɗin, aka katse ta ba shiri, to an yi biyu babu. Maganin wannan shi ne ta rubuta a fayil na wucin gadi. In SIGINT ya zo, ta goge shi ta fita. In aiki ya kammala, ta sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Ta haka, ko SIGKILL ba zai ɓata asalin ba.