Yaro zai je gwajin ƙwallo: abin da ya rataya a wuyan uwa

Ƴan uwa mata, a taron zubi na makon jiya nan Jiratawa, bayan an rufe akwati, wata daga cikinmu ta ɗaga hannu. Ɗanta mai shekara 13 ya ji za a yi gwajin yara ƴan ƙwallo a Maraɗi, ya hana ta barci. Bashi take so ta saya mishi takalmi. Nan take gardama ta tashi. Wasu suka ce ƙwallo shiririta ce, wasu suka ce baiwa ce daga Allah.

Maraɗi dai ba baƙuwar wasa ba ce. Kantu, ɗan jihar nan, shi ya fara cin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, har filin kokowa na Maraɗi yana ɗauke da sunanshi. A fagen ƙwallo muna da Ɗan Kasawa da Jangorzo, kuma Mena ta je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013. Ɗiyanmu suna ji, suna gani. In mun hana su, a ɓoye za su tafi. Gara mu sa hannu.

Abu na farko takardar haihuwa. Duk gwajin gaskiya da ita ake farawa, don ana raba yara bisa shekaru. In babu, a je mairi tun da wuri a tambayi hanyar samunta. Kada wani ya ce mu rage wa yaro shekaru. A gasar ƴan ƙasa da shekara 17 ta Afirka har hoton ƙashin hannu ake ɗauka, an sha korar yara da kunya.

Sai jiki. Ba sai da nama kullum ba. Wake, ƙuli-ƙuli, hura da nono, ƙwai in an samu, ga zogalen garkunanmu, sun isa. Ya yi gudu da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba, balle da bazara. Ya riƙe gorar ruwa, ya kwanta da wuri. Mu sa ido kan ƙwayar tiramol da wasu ke ba yara wai don ƙarfi, halaka ce. In yana haki ko jiri wajen gudu, a kai shi likita kafin ranar.

Takalmi kuwa, na gwanjo da ya yi daidai da ƙafa ya fi sabo mai matsi. Ya saba da shi kamar sati biyu, kada ya sa shi ranar gwaji ya fito da kumburi.

Inda kuɗinmu ke cikin haɗari shi ne wajen ƴan damfara. Mutum zai zo da hotuna a waya, ya ce a kawo kuɗi ya kai yaro Turai. Mu sani, dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa, sai a wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Mu tambayi sunan kulob, mu ga mai horarwa ido da ido, kuma babba na gida ya raka yaro. Kuɗin da muka tara dala-dala ba na zubarwa ba ne.

Ƙarshe dai mun amince da bashin, daidai kuɗin takalmin gwanjo da na mota, za ta biya daga cinikin ƙosanta. Kawunshi zai raka shi. Uwar ta kafa mishi sharaɗi: ran da mushe ya ce ya yi fashin lakwal, takalmi ya koma cikin akwati.

Wata dattijuwarmu ta ƙara da cewa a shirya mishi zuciya, don masu zuwa gwaji sun fi waɗanda ake ɗauka yawa. In ya dawo ba a ɗauke shi ba, kada a yi mishi gorin kuɗi. A zuba mishi tuwo, a ce sannu da ƙoƙari.

Allah ya raya mana su, ya sa albarka.