Moto na hannu: yaushe za a yi juyen mai a ƙurar Agadez?

Yau moto ya zama jakin gida. Shi ke kai mai lambu daga Tabelot ko Dabaga zuwa kasuwa, shi ke kai mara lafiya likita, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu. Akasarinmu kuwa na hannu muke saye, ba mu san irin wahalar da ya sha a wajen mai shi na farko ba. Abin da ya fi kashe injinsa shi ne tsohon baƙin mai da ƙura.

Ƙananan motocin nan masu 125, irin su Haojue da Kasea, iska ce kawai ke sanyaya injinsu, kuma man da suke ɗauka bai wuce kamar lita 1 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, sai mai ya tsinke da wuri. Ga rairayi yana shiga, yana cin fistan da zobbansa kamar faifa. Shi ya sa lissafin da ke cikin littafin kamfani ya yi mana tsawo.

Ranar da aka sayo moto, a yi juye, wato bidanji, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya yi. Daga nan kada a wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500. Ku duba: zuwa Arlit da dawowa kusan kilomita 480 ne, zuwa biyu ko uku ke nan lokaci ya yi. In agogon kilomita ya mutu, a ƙirga kwanaki: ɗan kabu-kabu mai aiki kullum, sati biyu, mai hawa jefi-jefi, wata uku. A nemi mai 20W-50 na moto a cikin galan rufaffe, domin wani man mota yakan sa kuloci ya riƙa zamewa. Kowace safiya a zaro sandar awo a duba.

Matatar iska ita ce hancin inji. Lokacin hunturu a buɗe ta kowane sati. In soso ce a wanke, ta bushe, a shafa ɗan mai kaɗan. In ta takarda ce a kakkaɓe ko a canza. Don Allah kada a cire ta wai don moto ya ƙara gudu.

Sarƙa a goge ta kafin a sa mata mai, kamar duk kilomita 500, in ba haka ba yashi da mai su haɗu su cinye haƙora. Mai birkin faranti a gaba ya canza man birki duk shekara 2. Esansin kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta. In ruwan kori ya shiga inji da damina, mai ya yi fari kamar madara, a juye shi nan take. Tsohon man kuma kada a zubar kusa da rijiya ko lambu.

Ku kuma ƴan'uwanmu da ke Libiya, Aljeriya, Najeriya ko Turai, in kun aiko kuɗin moto, ku haɗa da kuɗin mai na ƴan watanni, kuma ku riƙa tambaya a waya: an yi juye? Lita 1 ta fi sabon inji araha nesa ba kusa ba, kuma lalacewa a dajin da babu inuwa babu rijiya kan iya cin rai. Allah ya kiyaye hanya.