Ciyawar da ba ta san damina ba

A Jamus da Ingila akwai magidanta masu raba dare suna dasa ciyawar da ba ta wuce ƙwayar shinkafa tsawo ba. Mai kallo daga nesa sai ya ce wasan yara ne, alhali kuwa sana'a ce mai masana'antu da kasuwa, wadda har ta zama hanyar adana tarihi.

Duk ma'aikacin da ya taɓa halartar bikin aza harsashin wani babban gini ya san abin da ake kira maket, wato ɗan ƙaramin kwaikwayon ginin da ake ɗorawa bisa tebur don baƙi su gani. Turawa sun kai wannan aiki nesa. A birnin Hamburg na Jamus, tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe wani gida mai suna Miniatur Wunderland a shekarar 2001, inda ƙananan jiragen ƙasa ke yawo bisa layin dogo da ya zarce kilomita 15, suna ratsa birane, duwatsu da gonaki. Gidan yana karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara.

Ma'aunin da aka fi aiki da shi a wannan sana'a shi ne ɗaya bisa 87. Mutum mai tsawon mita 1,74 yakan koma santimita 2 cif. Jirgi da tasha, masana'anta ce ke zubo su, mai kuɗi ya saya. Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne ƙasar da jirgin ke ratsawa, musamman ciyawarta.

Daga garin katako zuwa lantarki

A da, garin katako ake rinawa kore a barbaɗa bisa gam, ko a warware igiya a yanka ta guntu-guntu. Aibin garin katako ɗaya ne: kwanciya yake yi, ita kuwa ciyawa a tsaye Allah ya halicce ta. Maganin ya fito daga wani darasi da duk ɗan lakkwal ya sani. Idan ka goga bik a gashin kanka, sai ya riƙa ɗaukar guntayen takarda. Wannan ƙarfi ne kamfanoni irin su Noch, da ke garin Wangen a kudancin Jamus, suka sa cikin wata na'ura mai kama da tocila, bakinta da rariya. Ana zuba mata gashin nailan da aka yanka daidai wa daida: milimita 2, 4, 6 ko 12. Bisa lissafi, mai milimita 2 ciyawar santimita 17 ce, mai 6 ta kai rabin mita, mai 12 kuwa ta haura mita guda.

Yadda ake yin tukku

Ciyawar daji ba ta fita shimfiɗe kamar darduma. Tushe-tushe take yi, nan cunkus, can fili, kamar tukku a kan yaro. Ga yadda ake kwaikwayonta. Ana shimfiɗa takardar gashin burodi, wadda abu ba ya manne mata, bisa farantin ƙarfe. Sai a ɗiɗɗiga farin gam na kafintoci da tsinke, wani ɗigo babba, wani ƙarami, don kada su fito tamkar sojoji a fareti. A maƙala wayar na'urar a jikin farantin, a riƙa girgiza ta santimita kaɗan sama da takardar. Kowane silin gashi yakan ɗauki lantarki ya faɗo a miƙe, ya kafa gindinsa cikin gam. Kafin gam ya bushe, a kife farantin a kakkaɓe ragowar don wani aikin. Kashegari a ɓamɓare tukkayen da matsefata, a dasa su a gefen dogo, gindin katanga ko tsakanin duwatsu.

Wanda bai da kuɗin na'ura yakan haɗa tasa da raket ɗin kashe sauro, irin wanda ke jibge a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Ana cire ragarsa, a ɗaura matacin shayi na ƙarfe a waya ɗaya, ɗayar kuma a kai ta faranti. Pil biyu sun isa. Sai dai a yi hattara: ko an kashe shi, sauran wuta na nan, dole a haɗa matacin da farantin ta fita kafin a sa hannu.

Sirrin yana ga launi. Ɗan koyo kore shar yake zubawa, shi ya sa gonarsa ke kama da filin ƙwallo. Gwani yakan gauraya kore da rawaya da ruwan ƙasa, dogo da gajere, sannan ya shafa wa kawunan ɗan fenti mai haske, domin ya lura cewa ciyawa daga sama take fara bushewa.

Abin da ake ceto

Wani zai ce: duk wannan wahala don me? Amsar tana ƙauyen Long Wittenham na Ingila. Roye England, mutumin Ostareliya, ya iso ƙasar a 1925, ya tarar ana kware rufin ciyawa na tsoffin gidajen karkara ana sauya shi da na zamani. Sai ya shiga aunawa yana zanawa, yana sake gina su bisa ma'aunin ɗaya bisa 76. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon. Ya rasu a 1995, amma almajiransa sun ci gaba. Yau wanda ke son ganin yadda karkarar yankin take wajen 1930, da hanyoyinta da makiyayarta, can zai nufa.

Nan ne darasin ya shafe mu. Ba a kwaikwayon abin da ba a tsaya an duba ba. Dattawan Gobir da Adar suna ba da labarin wuraren da gamba ke ɓoye mahayin doki, inda yau sai gona ko faƙo. Gamba mai mita 2, a maket, milimita 23 ce kawai. Yaranmu da ke ƙera motoci da waya da karan dawa ba hannu suka rasa ba. Da za a samu malamin da zai aike su daji da ma'auni, su dawo su gina garinsu yadda yake a yau, da rijiyarsa da rumbunansa da ciyawarsa, da jikoki sun sami abin gani ranar da labarin baka ya ƙare.