SHAYIN GANYE DA JIƘO GA MAI JUNA BIYU

A Zagga, Bagudo, Illo, Ka'oje da sauran garuruwan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, da wuya mace ta yi goyon ciki ba a ba ta wani abin sha na gargajiya ba. Wani jiƙo ne, wani sassaƙe ne, wani kuma shayin ganye ne na cikin kwali da ake shigowa da shi ta kan iyaka. Akan ce na ƙarin jini ne, ko na laulayi, ko na zaƙi. Ya kamata a sani cewa duk ganyen da ke aiki a jiki magani ne, kuma abubuwa da yawa da uwa ta sha suna bi ta mabiyiya su kai ga ɗan da ke cikinta.

Shayin ƙarin jini

Daga cikin irin wannan shayi akwai na netil, wani ganyen ƙasashen Turai mai sa ƙaiƙayi idan ya taɓa fata. Ana tallarsa da cewa yana ƙara jini. Gaskiya ne ganyen yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, amma abin da ke fita cikin kofi guda bai kai abin da mai ciki ke buƙata ba. Yana kuma sa yawan fitsari, kuma ba a gwada shi sosai a kan masu ciki ba, shi ya sa likitoci ke cewa a bar shi.

Ƙarancin jini ba abin wasa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Nijeriya suna fama da shi. A yankin Kogin Kwara, inda fadamu da gonakin shinkafa ke tara sauro, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki na daga cikin manyan dalilansa, kuma shayi ba ya maganin ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe, tare da miligiram 0.4 na folik asid, a kowace rana. Su ne ake bayarwa wurin awo.

Abubuwan sha na gida

1. Zoɓo (soɓorodo): yana saukar da hawan jini, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana iya shafar ciki. A guji mai kauri da ake dafawa don maganin zaƙi.
2. Kanwa: gishiri ne da ita mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.
3. Filasko da sauran magungunan wankin ciki: suna sa zawo da murɗar ciki, su bar mace ba ruwa a jiki.
4. Hulba da ganyen dogonyaro: kada a sha su a matsayin magani, domin suna iya motsa mahaifa.
5. Citta: 'yar kaɗan tana rage tashin zuciya, kuma babu laifi a sha.
6. Shayin mai shayi: yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. A ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini.

Lokutan da suka fi hatsari

Watanni 3 na farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin jariri. Sai kuma lokacin naƙuda: jiƙon da ke tsananta naƙuda yana iya galabaitar da jariri ko ya fasa mahaifa.

Abin da ya kamata ki yi

Ki fara awo da zarar kin gane kina da ciki. Tun shekarar 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je awo sau 8. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓi daga mako na 13, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, ki riƙa kwana cikin gidan sauro. Ki ci kifi, nama, wake da ganyen zogale. Duk abin da kike sha, ki zo da shi ki nuna wa ma'aikaciyar jinya, ba faɗa za a yi miki ba. Kada ki sha abin da ba ki iya karanta rubutun kwalinsa, ko wanda ba shi da lambar hukumar NAFDAC. Lambar ma ba ta nufin ya dace da mai ciki.

Maigida da uwar miji su ma suna da nasu aikin, tunda sau da yawa su ke kawo maganin. A garzaya asibiti mafi kusa idan an ga zubar jini, ciwon mara mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ciwon kai da dishi-dishin gani, jijjiga, ko jariri ya rage motsi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauke ku lafiya.