Madarumfa: A wuce da Baba Yamai, ko a maido shi gida?

Ranar da hawan jini ya kayar da tsohon a ƙofar gidansa, ba wanda ya yi gardama. Aka ɗauke shi zuwa likitar Madarumfa, daga can aka tura shi Maraɗi. Gardama ta taso ne a kwana na tara, bayan ciwon ya sake bugunsa a kan gadon asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, har ya daina gane masu shigowa. Dattijo ne da ya haura shekara 80, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen noman gero da lambu a bakin tabki. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin iyalinsa sun yarda a ba da labarin ne kawai, ba a tallata gidansu ba.

A inuwar katangar asibiti ƴaƴansa uku suka zauna. Babban, Alhaji ne mai shago a kasuwar Maraɗi, ya ce ko shagon zai ƙare sai an wuce da Baba Yamai, don kada gobe a ce yana da hali ya bar mahaifinsa ya mutu. Ƙanensa, ma'aikacin gwamnati, ya ce: "Yaya, mu fara jin bakin lokotoro tukuna." Ita kuwa ƙanwarsu, wadda ta kwana tara a kan tabarma gefen gado tana juya shi tana wanke shi, sai ta ce: "Yaya Alhaji, tun bara Baba ya gaya mini in ta Allah ta zo, a ɗakinsa yake so ta same shi." Su ukun duka ƙaunar tsohon ce ta sa su magana, amma ba wanda ya yarda da ta wani.

Masu karatu, wannan zama ba baƙo ba ne a gidajenmu. Hanyar majinyaci a nan sananniya ce: daga ƙaramar likitar ƙauye zuwa ta gunduma a Madarumfa, daga nan zuwa manyan asibitocin Maraɗi, sannan Yamai mai nisan fiye da kilomita 600. Wasu kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su nufi Katsina ko Kano, hanyar da ta toshe lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa cikin 2024. Kowane mataki kuwa da kuɗinsa: mota, ordonansi, awon jini, hoto, da abincin masu jinya. Tun bayan shirin Bamako na 1987, da faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, da dokar 1995 da ta kafa biyan kuɗin magani a likitocin gwamnati, aljihun iyali ne ke ɗaukar nauyin. Kyautar maganin da aka kawo a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu, ba ta haɗa da tsofaffi ba. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin aikin likita da kashi 50 cikin 100, abin da ya kawo sauƙi, amma bai ɗauke kuɗin farmasi da na hanya ba.

Kuskure iri biyu ne ke jiran iyali a irin wannan hali. Na farko shi ne gaggawar cewa "ai tsufa ne", a kwashe mutum a mai da shi gida alhali ciwonsa mai magani ne. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, gwaiwar da ta shaƙe, toshewar fitsari da ke damun dattawa maza, duk ana warkar da su ko da mutum ya tsufa, in an zo da wuri. Wanda ya hana tsoho irin wannan magani don tsoron kashe kuɗi, ya ci amana, ko da ya kira abin tawakkali. Kuskure na biyu shi ne a yi ta jan mutumin da jikinsa ya riga ya sallama daga wannan gari zuwa wancan, ana sayar da gona da bisashe, ba don ana sa ran sauƙi ba, sai don gudun bakin mutane. Sau da yawa a hanya rai ke yin halinsa, nesa da mata da jikoki.

Abin da ke raba waɗannan biyu shi ne tambaya. Mutanenmu na jin nauyin tambayar lokotoro, shi ma yana jin nauyin faɗin magana mai ɗaci, sai a rabu a kan "sai dai addu'a", kowa ya fassara yadda ya ga dama. Alhali tambayoyi uku sun wadatar: wannan ciwo ana warkewa daga gare shi? In an kai shi gaba, me za a yi masa can wanda ba a iya yi nan? In an mai da shi gida, me za mu yi don kada ya wahala?

Ta fannin addini ma malamai ba su bar maganar a duhu ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta cire na'urar numfashi daga mutumin da ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ba komawa. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ita ma ta halatta cirewar, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. A zaman Jidda na 1992 kuma aka bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa gwargwadon hali, wani lokaci wajibi, wani lokaci halas kawai, kuma izinin majinyaci ake nema muddin yana cikin hankalinsa. In ba ya ciki, sai waliyyinsa mafi kusa, bisa abin da zai amfani majinyacin. Abin da aka haɗu a kan haramcinsa shi ne a ba mutum wani abu da gangan don a gaggauta mutuwarsa, irin wanda Holan da Beljiyam suka halatta a 2002. Ita kanta Faransa, da dokar Leonetti ta 2005, ta hana likita nacewa a kan maganin da ba ya da amfani sai tsawaita wahala. Barin abin da ba ya amfani daban, kashe rai daban.

Sai dai maido majinyaci gida ba yana nufin an gama da shi ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince tun 2014 cewa rage raɗaɗin wanda ba a sa ran warkewarsa wani ɓangare ne na aikin likita, amma ƙididdigarta ta nuna kashi 14 cikin 100 kacal na mabukata ke samun wannan kulawa a duniya. A Yuganda, tun 1993 likita Anne Merriman ta soma kai wa marasa lafiya ruwan morfin mai araha har gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Wannan darasi ne da ya kamata ma'aikatar kiwon lafiyarmu ta duba, domin talakan ƙauye ma bai cancanci ya cika yana nishi ba.

Mu koma wurin mutanenmu. Baba ƙarami, ƙanen tsohon, shi ya raba gardama. Ya ja su ukun zuwa wurin lokotoro, ya sa aka yi tambayoyin a gaban kowa. Amsa ta fito fili: ɓarnar da ta auku a ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, kuma doguwar hanya na iya ƙarasa shi. Da suka fito, dattijon ya dubi Alhaji ya ce: "Ɗana, ka yi abin da ɗa ke yi, kowa shaida ne. Kuɗin motar Yamai ka riƙe su, za a bukace su a gida." Ya kuma ce a ɗauki maganar ƙanwarsu da muhimmanci, tunda ita ce ta ji daga bakin mai ita.

Aka maido tsohon Madarumfa. Majo na likita ya nuna musu yadda za a riƙa juya shi kowane awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo, yadda za a jiƙa masa leɓe, ya kuma gargaɗe su kada a ɗura wa wanda ba ya haɗiya fura ko kunu, domin huhu suke zarcewa. Alhaji ya sayi katifa da magunguna, ma'aikacin ya ɗauki hutu, aka raba kwana tsakanin ƴaƴa don ƙanwarsu ta samu barci. Aka binciki basussukan tsohon aka biya. Bayan kwana 11, da asuba, ana laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika a ɗakinsa. Allah ya jiƙansa.

Da muka je gaisuwa, Alhaji ya ce abu guda ke damunsa: mahaifinsu ya faɗi burinsa ga mutum ɗaya kawai, kuma mace, a gidan da ba a saba tambayar mata ba; da ba don Baba ƙarami ba, da maganar ta bi iska. Don haka muke kira ga dattawanmu, tun suna da lafiya, su tara ƴaƴansu maza da mata gaban shaidu biyu, su faɗi inda suke so a yi jinyarsu, da wanda zai yi magana a madadinsu ranar da baki ya rufe, kamar yadda suke faɗin bashi da wasiyya. Faɗin haka ba ya jawo ajali, kuma yana hana zumunci tsinkewa a ƙofar asibiti.