Zaɓen Fetur Da Man Inji Domin Tsohuwar Mota

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk wanda ya taɓa riƙe mota irin su Peugeot 404, ko Volkswagen mai ƙirar kunkuru, ko Morris Minor ta Ingila, ba zai yi musun wannan magana ba. A Turai da Amurka irin waɗannan motoci sun zama kayan marmari, ana goge su ana fitowa da su ranakun hutu. A Afirka ta Yamma kuwa, inda aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko cikin 1975, har yau akan ga wasunsu suna neman wa masu su abinci. Amma ko ta ado ce ko ta aiki, matsalarsu ɗaya ce: motar tana nan yadda aka ƙera ta, fetur da man inji kuwa sun canja. Sunansu ne kawai bai sake ba.

Bari mu fara da fetur. A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa in aka zuba wani sinadarin dalma kaɗan cikin fetur, inji yakan ƙona shi lami lafiya. Aka soma sayar da irin wannan fetur a 1923, ya kuma bazu ko'ina a duniya. Daga baya likitoci suka tabbatar cewa dalmar da ke fita cikin hayaƙi guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka Amurka ta hana amfani da shi a motocin hanya a 1996, Biritaniya ta janye shi daga gidajen mai a 2000, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka bi sahu a farkon 2006, sa'an nan Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Ko shakka babu wannan alheri ne ga ɗan Adam, amma ya bar wa tsofaffin injuna giɓi.

Dalilin kuwa shi ne, dalma tana yin wani aiki na biyu. A kan kowace silinda akwai bawul da ke buɗewa hayaƙi ya fita, sa'an nan ya koma ya zauna a mazauninsa, sau dubbai cikin minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani. Dalma takan bar wani ɗan shafe a wurin, wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe. In babu ita, mazaunin yakan riƙa zaizayewa, bawul ya nutse a hankali, har ya kasa rufewa sosai, ƙarfin mota ya ragu, daga ƙarshe bawul ɗin ya ƙone. Sai dai ba dukan tsofaffin motoci ne wannan ya shafa daidai ba. Morris Minor, wadda kan injinta na baƙin ƙarfe ne aka kuma sassaƙa mazaunin a jikinsa, tana cikin waɗanda abin ya fi damu. Peugeot 404 da Volkswagen kuwa kan injinsu na alminiyam ne, an dasa masa zobban ƙarfe dabam a matsayin mazauni, don haka sun fi jurewa.

Maganin da ya fi dorewa shi ne a kai kan injin wurin masu gyara su dasa masa zobba masu tauri, wanda aiki ne na sau ɗaya. Wanda bai sami halin haka ba yana iya zuba ruwan maganin da ake sayarwa a madadin dalma duk sa'ad da ya sha mai, amma ya tsaya a kan iri ɗaya, kada ya gauraya. Ya kuma guji doguwar tafiya da gudu mai yawa da kaya masu nauyi, domin a nan ne zaizayar ta fi sauri. Alamarta kuwa ita ce, duk lokacin da makaniki ya auna ratar bawul sai ya tarar ta tsuke.

Abu na biyu shi ne lambar oktan, watau ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba. In lambar ta gaza abin da inji ke bukata, za a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu. Ƙyale wannan ƙara yana iya huda fistin. Sai a nemi fetur mai lamba mafi girma, ko makaniki ya ɗan jinkirta lokacin tartsatsin filogi. Amma sayen wanda ya wuce bukatar inji ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Mazauna Amurka su lura cewa lissafinsu dabam ne: abin da aka rubuta 87 a famfon mai a can ya yi daidai da wajen 91 ko 92 a lissafin Turai.

Abu na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne itanol, watau barasar da ake tatsa daga rake ko masara ana gaurayawa da fetur. A Amurka yawancin fetur yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, kuma tun Satumba 2021 irinsa, mai alamar E10, ya zama fetur na yau da kullum a Biritaniya. Itanol yana jawo laima daga iska, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haddasa tsatsa. Yana kuma cin tsohuwar roba, irin ta tiyon fetur da ta cikin famfon fetur, yana lalata wasu ƙarafan kafireto. Tiyon da ya tsage yana ɗiga fetur a kan inji mai zafi, ƙarshensa gobara. Don haka a zaɓi mai alamar E5 inda ake samunsa, a canja tsofaffin tiyo da irin waɗanda aka yi don jure itanol, kada kuma a bar fetur ya yi watanni a tanki motar tana ajiye.

To, sai man inji. Lambobin da ke jikin galan, alal misali 20W-50, suna nuna kaurin mai ne: ta farko sa'ad da inji ke da sanyi, ta biyu bayan ya ɗauki zafi. Injunan zamani sassansu a matse suke ƙwarai, shi ya sa ake ba su mai tsinkakke kamar 0W-20. Tsohon inji kuwa tun daga masana'anta ratar sassansa ta fi faɗi, shekaru kuma sun ƙara ta. In aka zuba masa mai tsinkakke, matsin mai yakan faɗi, ya riƙa yoyo yana kuma ƙonewa ya fita da shuɗin hayaƙi. Yawancin motocin shekarun 1960 da 1970 sun fi jin daɗin 20W-50 ko 15W-40, balle a ƙasashe masu zafi kamar Sudan da Chadi da Saudiyya. Duk da haka littafin da motar ta zo da shi shi ne alƙali.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tun shekarun 1940 ake sa wa man inji wani sinadari mai tutiya da fosfaras, ana ce da shi ZDDP, wanda ke yin sulke a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe da ƙarfi, kamar tsakanin kamshaf da tafet na tsofaffin injuna. Amma fosfaras yana kashe na'urar tace hayaƙi ta motocin zamani, saboda haka aka rage shi a mai tsinkakke, musamman tun daga 2004. Ke nan man da ya fi sabunta da tsada yana iya zama wanda ya fi gaza kare tsohon inji. Abincin wani gubar wani. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni ke yin mai na musamman domin tsofaffin motoci.

Daga ƙarshe, kowane irin mai aka zaɓa, juye a kan kari ya fi tsadarsa muhimmanci. Tsohuwar Volkswagen, alal misali, lita 2 da rabi kawai take ɗauka, ba ta da filta sai ɗan rariyar waya, man ne kuma ke taimaka wa iska wajen sanyaya injin. Irinta tana bukatar juye duk bayan kilomita 5,000, ko ƙasa da haka a lokacin ƙurar hunturu. Motar da ba ta cika fita ba ma a juye mata sau ɗaya a shekara, domin man da ya yi aiki yakan tara ruwa da tsami masu cin ƙarfe ko da tana tsaye. A kuma guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba. Kuɗin galan ɗaya na man kirki bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba, kayan gyaran motar da ta haura shekara 50 kuwa ba kullum ake samunsu a kasuwa ba.